Hannu Biyu a Kan Sikeli Ɗaya

Juma'a, 7 ga Maris

An yi awo a gasar mutum-mutumi ta makarantu. Mutum-mutumin ɗalibaina ya hau sikeli lafiya lau, har da sauran rara. Ina shirin sauke numfashi sai alƙalin awo ya leƙa akwatinmu, ya ga hannu na biyu. Na yi masa bayani: hannu ɗaya na tura kaya ne, ɗaya na ɗagawa, muna musanya su gwargwadon zagaye, ba a taɓa ɗaura su tare. Ya ce duk abin da zai shiga fili, tare zai hau sikeli. Aka ɗora. Muka zarce nauyin da aka ƙayyade.

Na buɗe masa dokar. Cewa ta yi "nauyin mutum-mutumi a shirye don wasa". A shirye! Wa ke shiga wasa da hannun da ke kwance cikin akwati? Ya ce haka kwamiti ya fahimta. Yaro ne fa, da kyar ya girmi ɗan farina, yana ce min "Mama, ki yi haƙuri" kamar mai lallashin tsohuwa a layin asibiti. Shekara nawa ina koyar da kimiyya.

Zaɓi biyu: mu ajiye hannu ɗaya, ko mu tafi gida. Rage ƙarfe ma ya hana, wai bayan awo gyara aka yarda da shi, ba sauyi ba.

Asabar, 8 ga Maris, da safe

Hannun ɗagawa na ɗalibata Guntuwa ne. Ita ta zana shi, ita ta goge shi har yatsunta suka yi kanta. Shi ne mafi kyawun abin da aka taɓa ƙerawa a ɗakin gwaje-gwajena, kuma shi ya fi nauyi.

Na tara yaran na ce mu janye, a san an zalunce mu. Guntuwa ta ɗauki sifana ta fara kwance notin hannun nata da kanta.

"Malama, ke kin saba da faɗa. Mu wasan muka zo yi."

A gaban kowa. Ni da na yi ta rigima da shugaban makaranta kan a ba su motar zuwa gasar.

Asabar, da yamma

An cire mu a zagayen ɗagawa. Namu ya yi ta tunkuɗar akwatunan da ya kamata ya ɗaga kamar akuya, 'yan kallo na dariya. Yaran ma har da su a dariyar. Ban zauna na ga ƙarshe ba.

Lahadi, 9 ga Maris

Baban yara ya ce da an bar kowa ya zo da buhun hannaye, makarantun masu kuɗi ne za su cinye mu ɗanye. Na ce ba a tambaye shi ba. Mutumin da ko ƙwan lantarki bai iya canzawa.

Litinin, 10 ga Maris

Na gaya wa shugaba na bar ƙungiyar mutum-mutumin. Na ce ya nemi wata mai sanyin hali.

Laraba, 19 ga Maris

Ban tanka wa Guntuwa ba tun ranar. Yau ta same ni a ofis ina makin jarrabawa, ta ajiye zane a gefen tebur: hannu ɗaya da zai tura ya kuma ɗaga. Na ce ta kai wa wanda ya gaje ni. Ta ce ba kowa. Ta tsaya.

Zanen shirme ne. Gwiwar za ta karye a ɗagawar farko, kuma ta zuba ƙarfe inda roba za ta wadatar. Na faɗa mata haka, ba sassauci. Ta jawo kujera.

Ban koma ba. Gwiwar kawai na gyara mata, don ba na iya kallon lissafi a karkace. Gobe za ta kawo zane na biyu. Na ce ta zo da ma'auni, kuma komai tare za mu ɗora.