Baba, Sani Ya Tambaye Ni Launin Ƙofarku

Zuwa ga mahaifina, Alhaji Idi mahauci, a Madawa, Jamhuriyar Nijar.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da su Gwaggo da dukan mutanen gida. 'Yarka Rabi ce daga Agege, Legas. Wayarka ta daina shiga tun da aka yanke muku wutar da ke zuwa daga nan, shi ya sa na rubuta a shafina na intanet, ko Allah zai sa wani ɗan Madawa ya gani ya karanta maka.

Kwana goma ka ce za ka yi, ka yi ta'aziyyar Baffa ka dawo. Kwana uku da tafiyarka sojoji suka karɓe mulki a can, aka rufe iyaka. Takardunka na tafiya suna nan cikin gwangwanin alewa. Har bakin motar danfo na bi ka da su, ka yi dariya ka ce shekara arba'in kana ƙetarawa da sallama da goro biyu, wane ɗan duwan ne cikin masu tsaron iyaka bai san Idi ba? Da lokacin tsokana ne da na ce maka wanda bai ji bari ba ya ji hoho. Ba ni da bakin tsokana yanzu.

Majalisarku ta bakin mayanka tana nan, kujerarka ce kawai babu kowa. In na wuce ina jin su da rediyo a kunne. Wannan ya ce in ba a shiga da ƙarfi an maido da farar hula ba, gobe kowane mai bindiga zai hau kujera. Wancan ya ce ƙarya ne, Faransa ce ke zuga mu. Wani kuma shi dai Rasha, kamar ƙungiyar ƙwallonsa. Suna musu suna yanka nama, in an kira salla su tashi tare. Ni ban san mai gaskiya ba, kuma ba shi ne ya hana ni cin abinci ba.

Sani ne, Baba. Ɗanka soja, wanda ka yanka wa rago ranar da ya gama horo, ka zaga da shi layi-layi cikin kakinsa har sai da ya ji kunya. An soke musu hutu, an ce kowa ya koma bariki. Ba wanda ya faɗa musu inda za su, amma duk garin nan zancen ɗaya ake yi, cewa ƙasashen yankinmu na shirin tura sojoji wajenku.

Ya zo sallama ranar Litinin da safe. Na dama masa koko, ya sha rabi ya ajiye. Yana ɗaura takalmi, bai ɗago kai ba, ya tambaye ni ta wane ɓangaren gari gidanku yake, kuma wane launi ne ƙofar. Nan take na gane dalilin tambayar.

Ni ma ban sani ba. Daga ni har shi ba wanda ya taɓa taka Madawa. Kullum sai ka ce baɗi in Allah ya kai mu, ai gida ba ya gudu. Mun tashi mun iya Yarbanci, mun san kowane lungu daga nan har Oyingbo, amma ba mu san ƙofar gidan da aka haife ka ba.

Kai ka koya mana cewa faɗan da ya fi ƙarfinka ka mai da shi wasa. Na gwada, ya ƙi zama wasa. Tsoro nake ji, Baba. Ina tsoron zuwan Sani garinku na farko ya zama da bindiga a hannu.

Allah ya sanyaya zukatan shugabanni, na nan da na can. Allah ya tsare ka, ya tsare Sani, ya sa a buɗe hanya ka dawo mana da ƙafarka. Amin.

Duk wanda ya karanta maka wannan, ina roƙonsa don Allah ya ɗauki hoton ƙofar gidan ya turo mini. Sani yana jira.

'Yarka mai kewarka,
Rabi