Muryar Rashidatu a Bakin Baturiya

Kaladan, Tamale

Zuwa ga Kawu Abdul-Mumuni,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da girmamawa, kai da iyali, Allah ya ƙara lafiya, ya sa sanyin Jamus bai tayar maka da ciwon gwiwar nan ba. Mu nan kalau muke. Ƙanwarka Mma ta warke daga zazzaɓi, har ta koma kasuwa.

Kawu, ka san sana'ata, ɗora wa finafinan Turawa muryar Hausa. Watan jiya na samu wani tsohon fim na Amurka marar launi, na zamanin yaƙin duniya na biyu, soyayya da ban dariya. Wata ma'aikaciyar gidan waya ce da wani soja suke ta faɗa har suka ƙare da aure. Mako uku na yi da ƙamus ina fassarawa, don maganarsu gudu take yi. Muryar mace na rasa, sai ƙanwata Rashidatu ta yi mini, ta kuma yi da kyau. Yanzu duk Tamale ana kallo a waya.

To, fim ya kai unguwar Dabokpa, gidan su Sheriff mai neman auren Rashidatu. Mahaifinsa ya aiko cewa an fasa kawo goro ranar Juma'a, wai da kunnensa ya ji ta tana ce wa wani namiji ba ta iya rayuwa sai da shi. Na je na durƙusa kamar yadda ka koya mana. Na ce Baba, Baturiyar nan ta daɗe a kabari, muryar sojan kuwa tawa ce, ni wanta uwa ɗaya uba ɗaya. Ya ce ai wannan ya fi muni. Nan ne bakina ya ƙwace, na tambaye shi yadda aka yi ya ji, tunda maganar a minti na ƙarshe na fim ɗin take. Ya nuna mini ƙofa.

Na ce wa Rashidatu zan goge muryarta. Ta ce, "Ka taɓa ta, ni da kai ne." Tana son Sheriff, kwana uku ba ta ci abin kirki ba, amma ta ce ba sata ta yi ba da za ta ɓoye.

Mma ta ce da kuna samari tare da mahaifin Sheriff ɗin kuke tsallake katangar silima. Don Allah ka kira shi kafin Juma'a. Ka ba shi haƙuri a kan bakina kawai, ban da fim ɗin. Na san ba zai mayar da maganarka ba, shi ya sa na ce wa Mma ta ci gaba da shirin baƙi.

Ka gaida Inna Mariyatu da Fataw da Samiha.

Ɗanka,
Tahidu