Ƙanƙarar da Ummi Ta Ajiye Miki

Bilkisu 'yata,

Ina gaishe ki da kyau. Ya jiki, ya aiki, ya sanyin can ƙarshen duniya? Ya abokan aikinki masu tonon ƙanƙara? Mu nan Gagarawa lafiya lau, gero ya fara fitar da kai.

Ranar Talata aka yi ruwa da ƙanƙara. Kin san mutanenmu, kowa ya fito da kwano yana tsinta, wai abin da ya sauko daga sama magani ne. 'Yarki Ummi za ta kai baki ke nan na tuna maganarki, cewa ko inda babu mutum babu mota kun sami gubar dalma cikin ƙanƙara, iska ce ta kwaso ta daga hayaƙi. Na riƙe hannunta.

Ta ce, "Kaka, so nake in ɗanɗana garin Mama."

Na ba ta kwalba ta zuba, wai sai kin zo kin auna mata ko da dalma a ciki. Ta narke tuni, amma kullum sai ta duba.

Ki faɗa mini gaskiya, a banza na hana ta? Ki sa mu a addu'a, ki gaida waɗanda kuke zaune tare. Kwalbar tana ƙarƙashin gadona, ku biyu take jira.

Mahaifiyarki