Mai Gyaran Famfo a Gaban Mazurarin Likita

Zuwa ga 'yata Auta,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da jikokina masu ja mini gemu. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san a aji huɗu ni da boko muka raba gari.

Ga labari. Shekara arba'in ina buɗe bututun mutane, yau nawa ne ya fara gardama. Yayanki ya kai ni asibiti, likita ya ce sai an auna ƙarfin fitsarina. Za a ɗura maka ruwa har mararka ta cika, a tura ka wani ɗan ɗaki. A ciki akwai mazurari a kan ƙarfe, an jona masa waya. Ka yi a ciki, na'ura ta zana layi a takarda. In layin ya yi kyau, a ba ka ƙwaya ka tafi gida. In ya yi muni, wuƙa. Ni kuwa kin san ko allura na gani sai na tuna ina da aiki a wata unguwa.

Ƙofar ɗakin ba ta kai ƙasa ba, an bar tazarar taƙi guda. Ina tsaye sai ga takalman yayanki a wurin, baƙaƙe, sun sha gogewa. Wallahi Auta, komai ya ƙulle. Na yi tari, na tuna kogi, na tuna ruwan sama a kan kwano. Ɗigo bakwai na samu, na ƙirga. Nas ta ce fargaba ce, mutane da yawa haka suke yi in sun san ana sauraronsu, mu dawo mako mai zuwa. Muna isa gida na shiga banɗakina, abin ya zubo. Ba irin na samartaka ba, amma ba abin kunya ba ne.

Ki gaida kowa da kowa.

Babanki,
Mai Famfo

Zuwa ga Auta,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, na ga amsarki. Mamarki ta karanta mini sau biyu, na ce sau ɗaya ma ya isa.

An sake, na sake faɗuwa. Tun a hanya na roƙi yayanki ya zauna a benci can nesa. Ya ce yana tsoron kada jiri ya ɗebe ni ba kowa kusa, har nas ta sa masa albarka, ta ce irin wannan ɗa ake nema. Ina shiga ya fara fito. Ya ƙwanƙwasa ya tambaya ko a miƙo mini sifanar kwance famfo. Sannan ya juya ga masu jiran layi ya ce su ƙara haƙuri, babban injiniya ne a ciki yana aiki. Suka kwashe da dariya, har da wata tsohuwa mai haƙori ɗaya. A ƙarshe ya sunkuya ta ƙasan ƙofa, a hankali, ya kira ni Yoyo.

Kin ce a wasiƙarki kin tuna abin da ya shiga tsakanina da shi yana yaro, to ni ma na tuna. Ni na laƙaba masa sunan nan saboda fitsarin kwance, har ya kai shekara goma sha biyu. Nakan shanya tabarmarsa a ƙofar shago, in ce wa masu kawo aiki na toshe kowane yoyo a unguwar nan ban da na gidana. Ana dariya har da riƙe ciki. Na ɗauka shi ma yana yi. Ke kin ce haƙora kawai yake buɗewa. To, ni dai ban taɓa ɗaga masa hannu ba, ki tambayi mamarki.

Likita ya ce na uku shi ne na ƙarshe, abin da takarda ta nuna da shi zai yi aiki. Ki taimaki tsohonki ki zo ranar Talata ki raka ni. Ke ko a bakin ƙofar kika tsaya, na san za ki yi kamar ba kya nan.

Naki,
Baba

Zuwa ga Auta,

Ina gaishe ki, ya jikin ƙaramin naki? Allah ya ƙara sauƙi. Ban ga laifinki ba da ba ki zo ba.

Ki zauna ki ji wautar ubanki. Na shiga, takalman suka zo suka tsaya, komai ya ƙulle. Sai idona ya faɗa kan butar da ke kusurwa, cike da ruwa. Na ce ai wannan fannina ne. Na ɗauka na karkata bakinta a mazurari, na zuba yadda gwani ke zubawa: siriri, daidai wa daida, ba ƙari ba ragi, hannu ko rawa bai yi ba. Na fito ina gyara hula.

Ashe fitsarin mai lafiya ba haka yake tafiya ba. Tashi yake kamar tudu, ya sauka. Nawa layin ya fito a miƙe sambal, kamar an ja shi da rula. Likita ya daɗe yana kallo, ya ce wannan alamar hanya ce da ta tsuke sosai. Ya sa aka kwantar da ni aka ɗora abin hoto a marata, aka ga mafitsara cike fal. Ya ce mutum ya zubar da wannan duka kuma ga wannan ya rage, ai babu sauran jira. Nan take aka zura mini robar fitsari. Ba zan ba ki labarin zurawar ba, amma an ji muryata har wurin karɓar kati. Yanzu da jaka nake yawo, ɗaure a cinya.

Magana ɗaya ce za ta cece ni, in ce ruwan buta ne. Na buɗe baki, na waiga, ga yayanki a kujerar gefena ya harɗe hannu yana kallona. Na rufe.

A mota ya ce mini ya ji komai. Wai buta in ta kusa ƙarewa tana yin wani ƙululu, kuma shi ɗan mai famfo ne, shekara nawa yana riƙe mini jakar kayan aiki. Na tambaye shi me ya hana shi gaya wa likita. Ya ce jira yake in faɗa da bakina, tunda kowa ya san Baba ba ya iya riƙe labarin ban dariya. Yana faɗa yana kunna rediyo.

Ranar Litinin za mu koma a sa hannu a takardar tiyata. Har yanzu ƙofa a buɗe take, in na yi magana za a sake awon. Shi zai kai ni, shi zai zauna a gefena. Na san kaina, Auta. Zan yi wa likita barkwanci biyu, in karɓi biro in sa hannu.

Kada ki gaya wa mamarki zancen butar. Ki kawo yaran bayan an yi, ba kafin ba.

Ki huta lafiya.

Babanki,
Mai Famfo