Abin da Turanci ya jiyar da ni

Yaya Hadiza,

Gaisuwa mai yawa daga Greensboro. Ya gida, ya Malam da yara? Ya ƙafar Inna?

Kin san lakwal ɗin Turanci, makarantar nan da nake zuwa bayan aiki. Wata Baturiya ta zo daga jami'a tana tambayarmu ko karatun ya sa mun saje da mutanen gari. Na ce ya yi amfani, ban dai faɗa mata amfanin ba.

Ranar Asabar na je ɗauko Zainab gidan ƙawarta a Irving Park, unguwar masu kuɗi, da zanena da mayafina. Uwar ƙawar ta tambaye ta wace ce ni. 'Yar da na haifa ta ce da Turanci, "Mai aikinmu ce." Har da murmushi, don ta saba ba na ji. Yaya, tsaf na ji.

Ki share wa Zainab wuri kusa da Inna, da an yi hutu zan turo ta Maraɗi. Ko gaisuwa ba ta iya da Hausa ba. Ita ma ta zauna inda ake maganarta ba ta ji.

Ki gaida kowa. Ki roƙa mini Allah kada in huce kafin hutun.

Ƙanwarki,
Rabi