Hotona a Littafin Addu'ar Mama

Birmingham, Nuwamba 1974

Ƙanwata Nuala,

Ina gaisuwa. Ya maigidan da yara? Ni lafiya lau, tarin ma da sauƙi.

Littafin addu'ar marigayiya Mama ya iso, ita da take cewa shara ma ibada ce. Shekara talatin nake share masana'anta tun da na bar karatun zama Fada a coci, ban samu tsarki ba sai ciwon baya.

Kin san a cikinsa take ajiye katunan mamatan da take wa addu'a kullum. Tsakanin na Baba da na Kawu Fintan na tarar da hotona.

Ke kika yi jinyarta, Nuala, kada ki lallashe ni. In ta zo kaina, me take cewa, Allah Ya dawo da shi ko Allah Ya jiƙansa?

Yayanki,
Malachy