Ƙoƙon Baba

Tawa, 9 ga watan Mayu, 1966

Zuwa ga Yayana Ma'azu, a Kumasi.

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri, tare da roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta iske ka lafiya, kai da iyalinka, Ya yi wa kasuwa albarka. Mu nan sai godiya. Zafi ne dai ya matsa, muna ta duban gabas. Ƙanenmu Isufu ya dawo daga Takanamat da shanun nan lafiya, matarsa Fatimata kuma ta sauka, an samu ɗiya mace. Ka yi haƙuri da rubutuna mai kama da tonon kaji. Karatun manya ne na bara, kuma maganar da zan yi ba ta kai wa mai rubutun wasiƙa na bakin kasuwa ba ce.

Maganar Baba ce. Ka san yadda ƙiba ta kai shi, har gwiwoyinsa suka ƙi ɗaukarsa, shekara uku yana salla a zaune. Ka kuma san aikin da aka yi masa na gyambon ciki, inda aka yanke wani sashe na tumbinsa. Ranar da za a sallame mu, lokotoro, wato likita, ya ce daga yau cikin Baba ƙarami ne, abinci kaɗan-kaɗan sau biyar a yini, ban da azumi, in kuwa aka riƙa cika shi zai buɗe, ƙibar ta dawo. Da muka iso gida Baba ya zaɓi wani ɗan ƙoƙo daidai da awon da aka nuna mana, ya danƙa mini, ya ce ni ce mai awo. Cikin wata shida ya zube, Yaya, har ya koma zuwa masallaci da ƙafarsa. Ranar da ya fara salla a tsaye na ga hawaye a gemunsa. Don tsoron kada jikin ya dawo, sai ya yi ƙulli a mazagin wandonsa, kullum da safe ya duba ko yana nan inda yake.

To, da Sallar Layya Gwaggo Hawa ta zo daga Affala. Ka san bakinta. Tana ganin Baba ta tafa hannu ta yi salati, ta ce wai wannan ne Illa sarkin fawa, wanda ƙasa ke amsawa in yana tafiya? A gaban matan unguwa ta ce a gidan mahauci, ga raguna biyu a jikin wuta, ni na tsare ubana da ƙoƙon da ko kaza ba za ta ƙoshi da shi ba. Ta ce a danginmu ba a taɓa auna wa babba abinci ba. Na ce mata umurnin lokotoro ne, ta ce lokotoro bai haife ni ba. Har a rijiya aka riƙa nuna ni, ana cewa ga mai horon ubanta da yunwa.

Kunya ta ci ni, na yi abin da na yi. Na je wurin mai ƙorai na samo ƙoƙo mai irin zanen wancan, ya ɗara shi kaɗan, na ɓoye na farin a ƙasan adudu. Bayan mako biyu na sake wani wanda ya ɗara wannan. Na ce a raina ai loma biyu ba za ta yi kome ba. Baba yana cinyewa tas, ya yi mini albarka, ni kuwa har daɗi nake ji in an ce ya fara murmurewa. Ina ganin yana haɗa zufa bayan cin abinci, yana kwanciya riƙe da ciki, na ce zafin gari ne. Na ga ya daina duba mazagi a gabana, ban tambaya ba, don ba na son jin amsar. Sai ya tsiri azumin Litinin da Alhamis, abin da aka hana shi. Alhamis ɗin da ta wuce jiri ya kwashe shi a sahun Azahar, ya faɗi a kan gwiwar hagu. Ɗanjuma ladan da wasu mutum biyu suka kawo shi gida. Yau kwana huɗu ke nan yana salla a zaune, kuma ba wanda ya san ko gwiwar za ta sake ɗaukarsa.

Jiya da safe na tono tsohon ƙoƙon, na zuba masa hura a ciki, na durƙusa zan faɗa masa gaskiya. Kafin in buɗe baki ya juya ƙoƙon, ya shafa wani ɗan ɗinki a bakinsa, wanda shi ya ɗinke da hannunsa ran da ya tsage. Ni wallahi na manta da ɗinkin nan. Ya ce, "Zaliha, tun ranar farko na san ba shi ba ne. Na ga yadda aka yi miki a gaban mutane, shi ya sa ban iya rage abin da kika zuba ba." Ashe azumin nan yana yin sa ne don ya rage abin da nake ƙara masa, ba tare da ya kunyata ni ba. Da na sani ƙeya ce, Yaya. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Kai ka bar mini shi amana ran da za ka tafi, don haka kai ma ina neman gafararka. Ka rubuto wa Gwaggo Hawa da kanka, za ta ji taka fiye da tawa. Ka gaida Balkisu da yara, da Kawu Arzika in kun haɗu. Isufu da Fatimata suna gaishe ka. Baba ma yana gaishe ka, ya ce in rubuta maka cewa tuntuɓe ya yi a ƙofar masallaci. Ga shi na rubuta.

Ƙanwarka,
Zaliha Illa